Igiyar Aurena Ta Ƙarshe Tana Rataye A Alaska

Daga admin: Wata babbar yayarmu ce daga Amurka ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. Yana da tsawo, a daure a karanta har ƙarshe kafin a yi magana, kuma banda zagi.

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, abinci ma tura shi kawai nake yi. Ni ba yarinya ba ce, na doshi saba'in, ina da jikoki, ban taɓa zaton zan kawo maganar gidana gaban jama'a ba, amma waɗanda zan iya gaya wa a nan Greensboro duk sun san mu, kafin in rufe baki labari ya isa Zariya. Sunayen da zan ambata ba na gaskiya ba ne. A taƙaice, igiya ɗaya ce ta rage a aurena, maigidana kuma ya rataye ta a kan jihar Alaska tun shekarun tamanin, ga shi yanzu ana kira na can. Bari in faro muku daga tushe don ku fahimce ni.

Maigidana, zan kira shi Alhaji, ya zo Greensboro karatun aikin gona a ƙarshen shekarun saba'in, na biyo shi daga baya ina amarya, na gama makarantar horon malamai ke nan. Muka kama wani ɗan tsohon gida a Glenwood, irin wanda in ka taka katakon falo sai maƙwabci ya san ka tashi. Haihuwa ba ta zo ba, zaman kaɗaici ya ishe ni, shi da kansa ya kai ni jami'ar da ke kusa da mu ya ce in yi digiri. Wannan alherin ba zan taɓa manta masa ba. Mutumin kirki ne Alhaji, sai dai saurin hawa, kamar madara a kan wuta. Igiyar farko ma a kan mota ta tafi, ina koyon tuƙi na goga masa ita a jikin bishiya, muka yi cacar baki, ya furta, kafin la'asar yana zaune a bakin gado yana ba ni haƙuri. Muka mayar da aure, muka ci gaba da zama, lokacin har dariya abin yake ba mu.

A jami'a na ɗauki wani kwas na nazarin harsuna, malamin wani Bature ne da ya taɓa zama a Alaska. Rannan ya shigo aji da rikoda ya sa mana kaset na wata tsohuwa tana magana da harshen Yup'ik na 'yan asalin can, ya ce kowa ya gwada maimaitawa. Turawan nan suka yi ta kakari kamar ƙaya ta maƙale musu. Da aka zo kaina na maimaita sumul, don sautukan da ke ba su wuya a maƙogwaro ai ƙaf ne da gain ɗin da Malam ya koya mana da bulala a makarantar allo, jan wasali da nanata baƙi kuwa muna da su a Hausa. Malamin ya cire tabarau ya ce in sake. Tun daga ranar ya dinga ba ni kaset ina tafiya da su gida, ina tuƙa tuwon semo ina maimaita maganar tsohuwar nan da ban san ko tana raye ba. Wallahi son harshen ya shige ni, ban san dalili ba har yau. Da na gama digiri ya ce akwai wata jami'a a Alaska da ake koyar da Yup'ik da Inupiaq, in ina so zai rubuta musu.

Ba ƙaramin surutu aka yi a kanmu ba. Matan 'yan uwanmu ɗalibai suka sa mini suna Anti Ƙanƙara, wata Hajiya ta tare ni a wajen suna ta ce, "Ke yanzu duk yarukan duniya, ga Larabci ga Faransanci, sai na masu cin ɗanyen kifi? Wa za ki yi wa magana da shi a Sabon Gari?" Aka zuga Alhaji iya zugawa, wai mace ba haihuwa ba komai ka sake ta ta tafi ƙarshen duniya. Ya toshe kunnensa, ya ce shekara biyu ce, in dinga dawowa hutu. Shi ya saya mini rigar sanyi, shi ya kai ni filin jirgi.

Can na haɗu da matar da saboda ita nake rubuta wannan, zan kira ta Malama Keti. 'Yar Yup'ik ce daga wani ƙauye a bakin kogi, ta girme ni sosai, ita ke koya mana magana a aji. Gajeriya ce, ba ta da yawan surutu, in ka ba da amsa daidai sai ta ɗaga gira, wato e ke nan a wajensu, na yi makonni ina zaton harara ta take yi. Karatun ba wasa ba, kalma ɗaya tasu sai ta ɗauki abin da mu za mu faɗa a jimla guda, ka kama kanta ka rasa wutsiyarta. A shekara ta biyu aka haɗa mana da Inupiaq, harshen mutanen can arewa, dangin juna ne amma mai wannan ba ya jin wancan, na dinga cakuɗa su a jarrabawa, malamin Inupiaq yana dafe kai. Ga sanyi, ga duhun da rana ke leƙowa ta koma, na yi kuka ba adadi. Malama Keti ce ta lura, ta fara ja na gidanta, ta ba ni busasshen kifi, ni kuma in yi mata miyar kuka da na zo da ita. Ba ta taɓa sa mini alade a tukunya ba, in lokacin salla ya yi ita ke tuna mini, alhali ita Kirista ce mai zuwa coci.

Na dawo Greensboro dogon hutu, na koma da ciki ban sani ba. Bayan shekarun da muka yi muna jira! Alhaji ya so in tattaro in dawo, likita ya ce cikin ba ya son doguwar tafiya, dole na zauna. Ana saura kaɗan in haihu mahaifiyar Malama Keti ta rasu a ƙauye, ta je aka yi jana'iza ta dawo duk ta zabge. Duk da haka ranar naƙuda ita ta kai ni asibiti, hannunta na riƙe har na sauka, na samu 'ya mace. Da na koma ɗaki na yi mata bayanin wankan jego, matar nan ba ta yi mini dariya ba, ta nemo babbar tukunya ta dinga tafasa ruwa safe da yamma, babu ganyen darbejiya sai ta karyo rassan wata bishiya tasu ta yi mini da shi. Abin da uwata za ta yi mini da tana kusa, shi ta yi.

To ga inda maganar take. A al'adarsu, in mutum ya rasu, jaririn da aka haifa bayansa ana ba shi sunan mamacin, daga nan dangin mamacin su riƙe shi a matsayin wanda ya tafi, in uwa ce su kira shi uwa, su kawo masa abinci da sutura. Mun karanta wannan a aji, ba zan ce ban sani ba. Tun a asibiti Malama Keti ta ɗauki jaririyar ta ƙura mata ido, hawaye na zuba, ta ce "aana", wato uwa, sannan ta roƙe ni in yarda ta ba ta sunan mahaifiyarta. Ni a raina na ce ai wannan takwara ce, mu ma muna yi, yarinya ta ci sunan kaka a dinga ce mata Ummi ko Walida, dattijo da furfurarsa ya durƙusa ya ce ina kwana Mama. Ban ga abin ƙi ba, matar da ta yi mini wannan hidima. Na ce na yarda, da niyyar in Alhaji ya iso in yi masa bayani.

Alhaji ya iso ana gobe suna, bakinsa har kunne. Ya bar sallahu abokansa su yanka rago a wata gona a McLeansville, shi kuma ya yi wa yarinya huɗuba da sunan mahaifiyarsa da ta rasu, muna kiran ta Ummi. Na gaya masa maganar sunan Yup'ik, ya ce ba komai, laƙabi ne. Bayan kwanaki sai ga yayyen Malama Keti maza biyu sun zo daga ƙauye, manyan mutane, sun kawo 'yar rigar fata da kifi. Babban ya durƙusa gaban gadon jaririya, ya tsoma yatsa a ruwa ya ɗiga mata a leɓe, ya fara magana ƙasa-ƙasa yana kuka. Alhaji ya taɓa ni ya ce me yake cewa. Ni kuma ɗalibar kirki, an koya mini in fassara abin da aka faɗa ba ragi ba ƙari, ga kuma ɗokin in nuna wa mijina na iya. Na ce yana cewa, Inna kin dawo, ki yafe mini ina wajen farauta kika tafi ban ba ki ruwa ba, ga shi yanzu ki sha. Ina gama faɗa na ga fuskar Alhaji ta sauya.

A gaban baƙin ya sunkuya ya ɗauke 'yarsa ya shige ciki. Suna fita aka fara. Ya ce wannan shirka ce tsagwaronta, an mayar masa da 'ya gunki ana shayar da matattu ta bakinta, kuma da sanina. Na ce shi ma ai Ummi yake ce mata, ko sunanta ba ya iya faɗa don kunyar mahaifiyarsa. Ya ce shi bai taɓa cewa uwarsa ta fito daga kabari ta shiga jikin jaririya ba. Na ce mutanen nan maraici ne ke damun su, kuma ni imanina yana nan inda yake. Ya ce in haɗa kaya, na ce semesta ɗaya ta rage mini, ba inda za ni. Ina jego, ga zafin kai, na faɗi maganganun da bai kamata ba, shi ma ya faɗa, a nan igiya ta biyu ta tafi. Malama Keti ce ta zo washegari ta same ni ina kuka, ta ce in bi mijina, yarinya ba za ta tashi babu uba saboda ita ba. Alhaji ya mayar da ni, amma a filin jirgi, kafin mu hau, ya dube ni ya ce duk ranar da na sake taka ƙasar Alaska, a bakin aurena.

Haka na dawo Greensboro ba takardar karatun da na je yi, masu Anti Ƙanƙara suka samu abin yi. Na yi shekara ina jin haushinsa, daga baya rayuwa ta ja mu, na kama koyar da baƙin haure Turanci, muka ƙara haihuwa, muka sayi gida a Pleasant Garden. Inupiaq ya zube mini tas, sai 'yan gaishe-gaishe. Yup'ik kuwa bai tafi ba, don ni da Malama Keti ba mu yanke ba, muna waya, duk shekara kuma sai ta aiko wa Ummi kaya, takalmin fata ko kifi. Alhaji ya sani, bai hana ba, in kwalin ya iso sai ya tashi ya ba mu wuri. Ummi ta taso da sanin tana da wata tsohuwa a Alaska mai ce mata uwa, abin dariya ne a gidanmu, ƙannenta har tsokanar ta suke yi. Kuma tsakanina da Allah zaman lafiya muka yi da Alhaji, tun daga ranar nan bai sake kusantar kalmar saki ba ko da wasa, duka mun san abin da ya rage.

Watan jiya 'yar ƙanwar Malama Keti ta kira ni. Ta ce an kai Malama Keti gidan kula da tsofaffi, ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta, Turancin da ta yi shekaru tana lakca da shi ya goge gaba ɗaya, Yup'ik kaɗai ya rage mata, jikin kuma ya yi nisa, likitoci sun ce a shirya. Kullum tambayarta ɗaya, ina aana, me ya sa ba ta zo ba. Kuma ba Ummi kaɗai take nema ba, har da ni, don a lissafinsu tunda ni na haifi uwarta, ni kakarta ce, haka take kira na tun ranar da na haihu duk da ta girme ni. Muka gwada kiran bidiyo. Ta ji muryata ta gane, ta fara waige-waige tana neman ta inda na shigo, ta miƙo wa wayar kofin ruwa, da ta ga ba wanda ya karɓa sai ta fashe da kuka, ta ce mun tsaya a waje mun ƙi shigowa, ko fushi muke yi da ita. Aka kashe wayar. Yarinyar ta roƙe ni kar mu sake, yana rikita ta.

Ummi yanzu nas ce, da mijinta da 'ya'yanta, ta ce ita kam za ta je, ta riga ta nemi hutu a wajen aiki. Ta ce ta saba da irin waɗannan marasa lafiya, ba sai ka yarda da abin da suke gani ba kafin ka riƙe musu hannu. Amma ko kalma biyar ba ta sani ba a harshen, Hausar ma in na yi mata da Turanci take amsawa. Na san za ku ce a samu wani can ya yi mata tafinta, e, za a samu, ba zan yi muku ƙarya ba. Ni ce nake son zuwa. Ina son in zauna a bakin gadonta in yi mata magana da harshen da ta sa mini a baki, in ce mata ba fushi nake ba. Matar da ta tafasa mini ruwan jego tana cikin makokin uwarta, rabona da ganin ta ido da ido tun ina goyon Ummi.

Mun tambayi malamai. Wani a masallacinmu na nan ya ce in Alhaji tsoratarwa ya yi nufi ba saki ba, to rantsuwa ce, ya yi kaffara shi ke nan. Wani da muka kira a Zariya ya ce babu wannan zance, ƙafata na sauka igiya ta tsinke, kuma ba a janye irin wannan magana ko mai ita ya yi nadama. Na koma wa Alhaji da fatawar farko, na ce ai dama tsorata ni ka yi ko. Ya ce shi ya san abin da ke zuciyarsa a filin jirgin nan, saki ya nufa, ba zai yi wa Allah ƙarya da furfura ba don ya samu sauƙi. Na yi masa magiya, na yi fushi, na ce ko shekara nawa ke nan ta yaya zai tuna niyyarsa. Ya ce da ya manta da ya fi kowa murna.

Abin da ban gaya muku ba, Alhaji ya samu shanyewar ɓarin jiki shekarun baya. Yana magana, hankalinsa garau, amma ni ke yi masa wanka, ni ke ɗaura masa alwala, ni ke juya shi a gado, bai yarda ko 'ya'yansa maza su ga tsiraicinsa ba. In igiyar nan ta tsinke na zama baƙuwa a gare shi, ko zama ɗaki ɗaya ba ya halatta, kuma a shekarun nan nawa babu maganar in auri wani in fito. Saboda haka na yanke a raina na haƙura, Ummi ta tafi ita kaɗai. Sai shekaranjiya mijin Ummi ya zo yana ta sunne kai, na matsa masa, ya ce Baba ne ya sa shi ya kai shi ganin wani gidan kula da tsofaffi a cikin gari ranar da na je kasuwa, har ya tambaya ko suna da ma'aikata maza masu yin wanka. Na shiga na sami Alhaji a kan kekensa na marasa lafiya. Shi ya fara magana, ya ce, "Hajiya, ki je ki sallami malamarki. Ni na raba ki da karatunki, ni na ɗaure wannan igiya da bakina, ni ya kamata ta shaƙe, ba ke ba." Wallahi da ya hana ni da ya fi mini sauƙi.

To 'yan uwa, ga ni gare ku. Ummi za ta tashi ƙarshen makon nan, ta ce in gaya mata tikiti ɗaya za ta yanka ko biyu. Masu ilimi a cikinku, akwai wata ƙofa da ban sani ba, tunda mai maganar ya ƙi sauya niyyarsa? Iyaye mata, ku da kuka san zaman aure, in ku ne ya za ku yi? In zauna, tsohuwar nan ta mutu tana zaton ina tsaye a waje na ƙi shigowa? Ko in karɓi izinin da ya ba ni in tafi, in dawo in tarar da wani ƙato da ban sani ba yana yi wa mijina wanka, ni kuma in yi sallama daga bakin ƙofa in jira a ba ni izinin shiga? Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku sa mu a addu'a mu uku, ni da Alhaji da Malama Keti.